Buhunan Citta a Ban Ɗakin Jirgi

Mahaifina ya yi aikin reluwe a Kafanchan har ya rasu, gyaran birkin taragu yake yi. A kwatas ɗin ma'aikata aka haife mu. Shi ya sa shekarar da jirgin Kaduna ya dawo aiki bayan ya daɗe a tsaye, Mama ta rantse ba za ta je taron zumuntar matan coci da za a yi a Kaduna a mota ba. Ga ta da ciwon suga mai sa ta yawan fitsari, don haka na nemi izini a makarantar da nake koyarwa na raka ta.

Tun daga ƙofar tarago wari ya tare mu: zarnin fitsari, da tsamin burukutun da wani ya zubar, da ɓawon ayaba da aka tattake har ya koma kamar kunu. Kujerarmu a yage take, soson ya leƙo baƙi ƙirin, ƙananan kyankyasai na shiga suna fita. Mama ta shimfiɗa ɗankwali ta zauna. Sai ma ta nuna mini ta taga inda layin Jos ya rabu da namu.

Ba mu yi nisa ba ta taɓa ni, ta ce a hankali, "Kai ni ban ɗaki."

Na tura ƙofar ban ɗakin, ta ƙi buɗuwa sosai. Na leƙa, sai ga buhunan busasshiyar citta an jibga har rufi. Mai kayan na zaune kusa da ƙofa, wani ƙaton mutum da ke cin dafaffen ƙwai yana watsar da ɓawon a ƙasa. Mai duba tikiti na gefensa, shi ma da nasa ƙwan.

Na ce, "Oga, don Allah mahaifiyata za ta shiga."

"Madam, kaya ne fa. Ina kike so in sa su? Ku je tarago na gaba."

Na je na duba ban ɗakin can. Babu ruwa, ya cika har ya malalo bakin ƙofa, ƙudaje sun rufe shi. Na dawo ina toshe baki, na gaya wa mai tikiti. Ya ce mu yi haƙuri, an kusa Zonkwa. Ni da shi mun san ba a kusa ba.

Wata Inyamura mai sayar da busasshen kifi, wadda na saba gani a kasuwarmu, ta miƙe. "Oga, kai ba ka da mama? Wannan mama ya tsufa. Cire kaya!" Ta kama buhu ɗaya tana ja, mai kayan ya make mata hannu. Taragon cike yake da maza, amma kowa ya ga abin kallo a waje.

Sai ta juye kifinta a leda, ta miƙo mini bokitin fentin da take zuba shi a ciki. Ta kira mata biyu, suka kwance zannuwansu na sama suka yi labule a lungun ƙofa. A nan Mama ta tsuguna, ina riƙe da kafaɗunta, jirgi na jijjiga mu. Muna cikin haka muryar mutumin nan ta ratso zanen: "Ku dai yi a hankali, kar ya taɓa mini citta."

Har yau in na tuna maganar nan sai yawu ya taru mini a baki.

Da muka tsaya a Zonkwa Mama ta ɗauki jakarta ta ce, "Mu sauka." Ban yi gardama ba. Na nemi ruwa wurin wata mai tuyar ƙosai, na wanke bokitin sau uku, na miƙa wa mai kifi ta taga. Mama ta riƙe hannunta ta ce, "Ubangiji ya tuna da ke, 'yata."

Jirgi ya yi kuka ya fara ja. Mai citta ya leƙo, baki cike da gwaiduwa, yana ɗaga mana hannu. "Mama, a sauka lafiya!"

Na tofar da yawu a kan duwatsun layin, na kama hannun Mama muka nufi tashar mota. Tafiyar ta ɗan yi mata nisa, sau biyu muka tsaya ta huta.