Ranar da Na Kashe Jandarman Rumbu

Na ɗaga taɓarya ke nan sai na ji muryar surukina a bayana: "Ke ɗiyata, dakata!"

Ina! Kafin ya rufe baki na riga na sauke wa macijin a ka.

Lokacin ina amarya a Korahane, Nasara bai daɗe da tafiya ba. Jiya jikata ta ƙwalla ihu don ta ga irinsa a gindin randa, shi ya tuna mini.

A wancan lokacin, surukin nawa ya juya macijin da sanda, ya ce, "Dube shi, dogo siriri, da zane har wutsiya. Tsadaraki ne, ɓera yake ci. Kububuwa gajera ce mai faɗin kai, in ta ji motsi sai ta naɗe tana gurza jiki. Kin kashe mana jandarman rumbu mai gadin hatsi, sai ki karɓi aikinsa."

Kunyar suruki ta hana ni ɗaga kai. Na ɗauka zolaya ce.

Kafin damina ɓeraye suka yi wa irin geronmu kaca-kaca. Na ɗana tarko har na gaji, uku kacal na kama.

Macijin jiya kam, da doguwar sanda na raka shi bayan gida.

Ku fa, kuna dubawa kafin ku buga, ko duk irina ne?