Ƙodar da Na Kai wa Baba

Ranar da Baba ya ga jini a fitsarinsa bai gaya wa kowa ba. Inna ce ta ga alama a wandonsa wajen wanki, ta aika a kira ni daga firamaren da nake koyarwa. Ni ne babban ɗa, kuma a lokacin, ƙarshen shekarun tamanin, ni kaɗai ke jin Turanci a gidanmu na Limancin Kona. Duk wani zancen asibiti a kaina yake ƙarewa.

Aka yi hoton ciki. Likita ya ja ni gefe ya nuna mini wani ɗan tabo a ƙodar hagu, bai wuce girman goro ba. Ya ce ƙari ne, mai yiwuwa ciwon daji, amma an gan shi da wuri. Za a cire ƙodar, ɗayar ta ishe shi rayuwa. Bayan aiki za a kai ta ɗakin bincike a yayyanka, a ga ko ciwon ya bazu.

Na koma na ce wa Baba tsakuwa ce ta lalata ƙodar. Tsoro ne ya sa ni, kalmar daji ta ƙi fita daga bakina.

Baba malami ne, ba ya yarda da abu sai da sharaɗi. Ya ce, "A cire. Amma ka karɓo mini ita in binne. Jikin ɗan Adam ba ya zuwa bola."

Na san ba za a ba ni ba, amma na ce to.

Aiki ya yi kyau. Da ya farfaɗo, bai tambayi ruwa ba, cewa ya yi, "Ina take?" Na ce gobe. Kullum gobe, har aka sallame mu. Ranar Laraba ya ce in Juma'a ta yi ban kawo ba, da ƙafarsa zai je wajen likita. In kuwa ya je, zai ji komai.

Ranar Alhamis na je wajen wani mahauci a Ƙofar Doka na sayi ƙodar rago. Na jiƙa ta a ruwan gishiri don ta koɗe, na naɗe da farin ƙyalle. A lissafina zai karɓa ne ya sa a rami, har an haƙa a bayan gidanmu.

Bayan la'asar na miƙa masa a zaure. Ya ɗora a cinya, ya fara warwarewa a hankali. Ina tsaye ina kallo. Ya juya ta, ya sake juyawa.

"Shekara arba'in ina fiɗar ragon layya da hannuna," in ji shi. "Kai wa uwarka ta soya."

Na juya zan fita.

"Zauna. Tsakuwa ba ta sa a riƙe ƙodar mutum sati biyu. Me suke nema a cikin tawa?"

Na faɗa masa duka, kaina a ƙasa. Na zaci zai yi faɗa, da ma ya yi. Sai kawai ya ce, "Ka bari aka kwantar da ni aka sa mini wuƙa, ban yi wasiyya ba, ban nemi gafarar kowa ba. Da ban tashi ba fa?"



Sakamako ya fito bayan kwanaki, ciwon bai bazu ba. Baba ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, yana karantarwa a zauren nan, yana cin tuwonsa. Lokaci-lokaci yakan koma asibiti a duba shi. Ƙanwata yake ɗauka, wadda ko gaisuwa ba ta iya da Turanci ba, su nemi wata ma'aikaciyar jinya ta yi musu fassara. Bai sake cewa in raka shi ba.