Talatar da Muka Kori Kakanni

Har na yi ritaya ban manta da wata Talata a shekarar korona ba. Lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye a yankin Ɗambatta, ni ce mai yi wa jarirai allurar riga-kafi. Ga wanda bai san aikin ba, duk Talata ake kawo mana maganin daga gari a akwatin ƙanƙara. Ba mu da firji, kuma da ƙanƙarar ta narke wajen la'asar, magani ya tashi aiki.

Shugabanmu, Malam Nura, matashi ne ɗan birni mai tarin takardu. Da aka ce cutar ta fi kayar da tsofaffi, shi sai ya fahimci tsofaffin ne cutar. Ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya haura sittin kada ya tako asibiti. Ya ajiye ni a bakin ƙofa, ni mai hamsin da tara, saura ƙiris in kori kaina.

Wadda ta fara zuwa Inna Gambo ce, tsohuwar da ta yanke wa rabin garin cibi, goye da jikanta ɗan kwana goma.

Na ce, "Inna, yi haƙuri, an ce tsofaffi su koma. Uwarsa ta kawo shi."

"Mai jegon? Ke Asabe, da kika haifi naki kin fita kafin arba'in?"

Malam Nura ya leƙo ta taga, takunkumi har biyu a fuska. "Inna, don lafiyarki ne. Ku ne masu saurin kwasa."

"To, Allah ya ba da lada," in ji ta. Ba ta yi faɗa ba. Duk kakar da ta gamu da ita a hanya dai, sai ta mayar da ita.

A garin nan mai jego ba ta fita, mai ɗan fari kuwa kunyar ɗaukarsa take yi a gaban jama'a. Kakanni ne ke kawo jarirai. Na san haka sarai, amma na ja bakina don kada a ce tsohuwa na kare 'yan'uwanta. Wannan shirun har yau yana ci mini rai.

Da hantsi benci wayam, Malam Nura na murna an rage cunkoso. Da azahar ta yi ya buɗe akwati, ya ga ruwa ya fara taruwa, sai ga mu a ƙofar Inna Gambo. Tana zaune tana ɓarar gyaɗa.

"Dakata daga nan, ɗana," ta ce. "Kai ke zuwa Kano duk Juma'a, ni rabona da mota tun bara. Wa zai shafa wa wani?"

"Inna, a taimaka a kira su. Magani zai lalace."

"Likita ya ce in zauna. Ni ba na ƙetare maganar likita."

Haka maganin ya lalace, ko jariri ɗaya bai samu ba. Sai Talatar gaba, bayan Malam Nura ya durƙusa a zauren Inna Gambo ya ba da haƙuri, aka shimfiɗa wa kakanni tabarmi nesa-nesa a gindin darbejiya.

Ku da kuke fara wannan aiki, ku riƙe wannan. A aikinmu mun iya tambayar mutum shekarunsa. Amma kafin ku kori tsohuwa wai don ku kare ta, ku leƙa ku ga wa take goye da shi.