Agogon Makka a Ɗakin Baba

Da idon Baba ya mutu, ni na zama agogonsa. Gidan aurena bai da nisa da gidanmu na Ƙofar 'Yandaka, kullum nakan leƙo in dubi inda inuwar katanga ta kai a tsakar gida, in ce masa azahar ta yi. Ni ce 'yar fari, ba ya faɗin sunana. "Ke, rana ta gota?" Wannan tambayar ita ce duk rabona a wurinsa, kuma ina ji da ita.

Da soja suka koma bariki, ƙanena ya sami kujerar Makka a siyasar Batagarawa. Ya dawo da agogon bango mai kiran salla, aka rataye a ɗakin Baba. Ba wanda ya saita shi, lokacin Makka yake bi. Hantsi bai gama duban ludayi ba sai ka ji yana rangaɗa kiran azahar. Baba ya yi ta murmushi, duk baƙon da ya zo sai an ba shi labarin agogon Alhaji. Ni ke faɗin lokaci, agogo ke shan albarka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kishi na ji, ba kaɗan ba.

Wata safiya ina tankaɗe na ji a rediyo masana na duniya suna gardama. Wai juyawar duniya tana ɗan jinkiri, shi ya sa jefi-jefi ake ƙara wa agogo daƙiƙa guda don ya jira rana, yanzu wasu sun ce a daina. Ko hannu ban wanke ba na yafa mayafi.

"Ka ji, Baba, su da suka ƙera shi ma rana suke sa shi ya bi."

Na zaci yau za a yaba mini, sai ya ce:

"Ashe ana gyara mashi? Ki ce ma Alhaji shi zo shi diba mani nawa."

Da yamma ƙanena ya zo, ya taka kujera, ya danna nan ya danna can, agogo ya koma lokacin Katsina.

Washegari na shigo, bakina ɗauke da azahar, na tarar Baba har ya yi alwala. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi yara da maigidana. Na tsaya ina jira, bai ƙara tambayar komai ba.