Basillar da Ta Shige Cikin Ganga

A gidanmu da ke unguwar Nima, sana'ar kakata Hajiya Lantana ɗinka matashin kai. Kayan aikinta ba su da yawa, amma kowanne da ƙusarsa a bango. Bayan magariba takan hura gawayi a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye murhun, ta ba mu tatsuniya kafin a kira isha'i.

Wata safiya aka ga ƙusar almakashi babu komai. Ni ta fara zargi, domin an taɓa kama ni ina yanka gwangwanin madara da shi zan ƙera mota.

"Mijin banza, fito min da shi," ta ce.

Na rantse, ba ta yarda ba. Ta zazzage jakar makarantata a gaban kowa, ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata.

A rana ta uku ta ƙwanƙwasa murhu da ludayi, alamar tatsuniya ta iso. Wasu 'yan'uwa uku ne masu haɗa ganga. Babba ya sassaƙe icce, na tsakiya ya jeme fata, ƙarami ya ɗinke baki. Kowa da wurin zamansa a zaure, kowane ƙarfe da gurbinsa a bango. Sai basillar gadonsu ta ɓata. Da yake ƙaramin ne mai ɗinki, yayyensa suka ce ya sayar, suka kore shi. Ranar da makaɗi ya fara dukan sabuwar gangarsu, aka ji wani abu yana ƙara a ciki. Da suka farke fatar, ga basilla. Ashe babban ne ya ara, ya ajiye a ramin iccen, aka rufe da ita.

"To ƙaramin fa, Kaka?" na tambaya.

"Ya riga ya haye kogi. Ku tashi, an kira salla."

Washegari almakashi na rataye a ƙusarsa. Sai dai na lura da wani matashin kai da aka farke gefensa, aka sake ɗinkewa da zare daban. Har yau ina zargin a ranar ta ƙirƙiro tatsuniyar nan.

Yanzu ni ke kula da sashen haɗa murhun gas a wata masana'anta. Kowane tebur da allonsa, an zana siffar kowace sifana da filaya da jan fenti, ta yadda in ɗaya ta ɓata gurbinta zai nuna. A bara, lokacin tashi, aka ga gurbin sifana lamba goma a fili a teburin Fuseini, wanda ya taɓa sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Abossey Okai. Kowa ya san irin wannan sifanar ba ta kwana a kasuwar can. Manaja ya ce in rubuta rahoto, gobe a sallame shi.

Na sa ya buɗe jakarsa. Babu komai sai tasbaha da kwanon abinci. Ina riƙe da biro, sai na tuna da gangar. Na sa aka tsayar da kwalayen murhunan da aka haɗa a ranar, muka riƙa girgiza su ɗaya bayan ɗaya. Can cikin tarin, wani kwali ya yi ƙara. Mai gwajin ƙarshe ne ya ara, ya manta da ita cikin murhun, kusa da bututun gas.

Na mayar da sifanar gurbinta, na ce wa Fuseini ya yi haƙuri. Ya rataya jakarsa, ya dube ni.

"Masta, ba komai. Amma jakata ka fara dubawa, ko?"

Shekara da shekaru ina ganin Kaka ta gaza, tunda ba ta iya buɗe baki ta ce ta yi kuskure ba. Ni da aka zazzage wa jaka, kuma aka ba ni tatsuniyar, sai da na zazzage ta wani kafin na tuna.