Hoton da Ban Ɗauka ba a Aliero

Har gobe ina tuna ranar da wani babba daga gwamnatin tarayya ya zo mana rangadi, jihar Kebbi tana sabuwa fil. Ina ƙaramin mai ɗaukar hoto a ma'aikatar watsa labarai, aka haɗa ni da tawagarsa. Ƙa'idar aikinmu ita ce duk inda babba ya sa ƙafa kana gefensa, amma hoton da zai kunyata shi, in ya fita, kai ma ka fita daga aiki.

A Maiyama tsautsayi ya faɗa. Yana saukowa daga mota sai ƙafa ta gurɗe. Ya daure aka gama gaisuwa, amma ni da ke kusa na ga gumi yana keto masa, ga kuma taro yana jiransa a Jega. Direba ya ce ai Aliero, garin albasa, gidan ɗori ce. Muka saci hanya da mota guda.

Kafin mu shiga zauren maɗorin, shugaban masu tsaronsa, wani mai fuska kamar an aiko masa da mutuwa, ya nuna kyamarata. Ya ce in ya ji ƙararta, daga nan zan koma gida noman albasa.

Maɗorin tsoho ne, bai ko tambayi wane ne ba. Ya taɓa ƙafar, ya dubi masu tsaro ya ce, "Ku hita, kun tare min haske. Kai mai akwati, aje abin ga, taho ka danne min kahwaɗunai."

Na danne. Tsoho ya yi bisimilla ya ja. Mutumin da muke miƙewa tsaye in an ambaci sunansa ya ƙwala ihu, "Wayyo Inna!" Ya damƙe hannuna, hawaye sharkaf. Wallahi tausayinsa ya kama ni, kuma ba zan ɓoye muku ba, yatsana ya yi ƙaiƙayin danna kyamara, don ban taɓa ganin fuskarsa ta gaskiya ba sai ranar.

Da la'asar ya tsaya a Jega cikin babbar riga, na ɗauke shi ƙyam, kamar bai san ciwo ba. Da aka watse sai ya sa aka kira ni, shugaban tsaro yana tsaye.

Babban ya ce, "Mai hoto, me ka gani a Aliero?"

Na ce, "Albasa, ranka ya daɗe."

Ya jinjina kai. "Ita ce ta sa ni hawaye."

Daga ranar, duk zuwansa ni yake nema. Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku sani ba don iya ɗauka kawai ake barin mu kusa da manya ba. Hoton Jega ya shiga jarida. Na Aliero kuwa yana nan a cikin kaina inda na ajiye shi, shi ya sa ko yau ban faɗa muku sunansa ba.