Je Ka Tambayi Kawunka

Ɗana na fari dogo ne, irin tsawon da mutane ke tsayawa a hanya su kalla. Ban san inda ya kwaso shi ba. Mahaifinsa, Allah ya ji ƙansa, matsakaici ne, ni kuwa in na tsaya cikin 'yan aji shida sai an duba da kyau kafin a gane wace ce malamar. Amma shi tun yana sakandare yake sunkuyawa kafin ya shiga ɗaki. Tela ya yi mita har ya gaji. Takalmi kuwa duk kasuwar Dutse babu ƙafarsa, sai an je Kano an tona gwanjo.

A gidanmu ba a nuna wa ɗan fari so. Mu Fulanin Aujara ne. Shanun sun ragu, yawancinmu mun koma aikin gwamnati da kasuwanci, amma kunyar nan tana nan daram. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta sa baki a lamarinsa. Ana yaye shi mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta zo ta goya shi ta tafi da shi. A hannunta ya tashi, yana jin ƙannena suna ce mini Adda, shi ma ya ɗauka. Har yau Adda yake ce mini.

Kada wani ya ce rashin imani ne. Abin yana da yadda yake tafiya. In magana ta taso a kan yaron aka tambaye ni, sai in sunkuyar da kai in ce, "Ni mene ne nawa? Ɗanku ne." Inna kuwa ba bakina take saurare ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. Da ya gama firamare, babban wana, wanda muke kira Yaya, ya so ya janye shi su riƙa bin kasuwannin shanu tare. Aka tambaye ni, na faɗi abin da aka saba faɗa, ina tsinkar bakin tabarma da farce. Inna ta dubi hannuna, ta dubi Yaya, ta ce, "Makaranta zai koma." Magana ta ƙare. Haka muka yi shekara da shekaru: ni in ce ba ruwana, ita ta zartar da abin da ke raina.

Inna ta rasu a shekarar da ya sami shiga jami'a a nan Dutse. Mahaifinsa ya riga ta da daɗewa, ƙanwarsa ita ma an kai ta ɗakinta a Kiyawa. Sai ya kwaso kayansa ya dawo wurina a unguwar Takur, ya zauna a ɗakin zaure. Mu biyu rak a gidan, kamar fasinjojin da mota ta haɗa. Da safe ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Adda, ina kwana?" in ce, "Lafiya. An tashi lafiya?" Shi ke nan, an gama hirar yini.

Labarin ƙwallon kwandon da ya fara bugawa ma ba daga bakinsa na ji ba. Maƙwabciyata ce ta leƙo ta katanga ta ce, "Malama, ashe ɗan naki tauraro ne?" Wai yana kan layin rajista wani koci ya hango kansa ya zarce na kowa, ya jawo shi gefe. Yaron da bai taɓa riƙe irin ƙwallon nan ba, kafin shekara biyu an ce shi ne gaba a ƙungiyar makarantar. Na ce mata, "Oho musu," na ci gaba da shanya. Amma ranar sai da na shanya zane ɗaya sau biyu.

Zan faɗi wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba. Filin da suke wasa na siminti ne, ana hango shi daga titi. In na tashi daga makaranta na yi la'asar, wata rana nakan hau adaidaita sahu in ce a bi da ni ta can, wai zan sayi dabino wurin wani tsoho da ke kasawa a bakin hanya. Sai in tsaya ina ciniki, ina juya dabinon nan, ido kuwa yana can. Kai jama'a! Yaron da a gida ko tafiyarsa ba a ji, a filin nan tsawa yake yi, yana nuna wa abokansa inda za su tsaya. Ya daka tsalle ya zura ƙwallon da hannu ɗaya, yara su ɗauki ihu. Ƙirjina ya cika fal, ba ni da wanda zan taɓa in ce, "Kin ga wancan? Nawa ne." Dabinon da na tara a shekarun nan, har maƙwabta sai da suka gaji da shi.

Yana ajin ƙarshe, saura zango ɗaya, wata huɗu kacal, suka je gasa a kudu. Can wata ƙungiya ta Legas ta gan shi. Suka ce za su ɗauke shi da albashi da wurin kwana, amma yanzu-yanzu, don kakar wasa za ta fara, in bai zo ba su ba wani.

Ranar wata Asabar da hantsi ina duba littattafan ɗalibai a tsakar gida, ya zo ya durƙusa. Ko a durƙushe ya kusa kai ni tsawo. Ya zayyana mini komai, kansa a ƙasa, ya ajiye takardar kwantiragin a gefen tabarma. Ya ce, "Adda, me kika gani?"

Me na gani? Shekara talatin ina koyarwa. Na bi iyaye har gona ina roƙonsu su bar 'ya'yansu su ƙarasa. Na taɓa tare wani uba a bakin masallaci na wanke shi tas a kan ya cire ɗansa ana saura wata biyu jarrabawa. Duk Takur an san bakina. Abin da ke raina a fili yake: ka zauna, ka rubuta jarrabawar nan, ka karɓi takardarka, sannan ka tafi ko bangon duniya ne. Amma wanda ke gabana ɗan fari ne. Sai bakina ya kama hanyar da ya saba. Na ce, "Ni mene ne nawa? Je ka tambayi kawunka."

Ya ɗan jima bai tashi ba. Sannan ya ɗauki takardarsa ya fita.

Wallahi a lokacin ban ji na yi kuskure ba. A ganina na yi abin da 'yar mutunci ke yi, saura kuma a yi abin da aka saba. Ko kaɗan bai faɗo mini a rai ba cewa Inna, mai fassara ni, tana ƙasa shekara uku.

Yaya mutumin kirki ne, amma ɗan kasuwar shanu ne tun daga kai har ƙafa. Ya buɗe bakin bijimi ya gaya maka shekarunsa, amma ƙanwarsa ta yini tana haɗiyar zuciya a gabansa ba zai lura ba. Ya kira ni a waya yana ta murna. Ya ce, "Ai saniya ranar da ta yi kasuwa ake sallama ta. Takarda ba ta tsufa, gwiwa ce ke tsufa. Ya je ya dawo ya ƙarasa. Ko ke kina da ja?" Na ce, "Duk abin da kuka yanke, Yaya." Na faɗe shi a sanyaye, na ja shi, irin yadda da Inna ce da tuni ta ce a dakata. Shi kuwa ya ce, "Madalla! Allah ya yi albarka," ya kashe wayarsa. Na bi wayar da kallo. Haba Yaya! Ko kurma ai ya ji wannan.

Ana jibi zai tafi yaron ya sake dawowa. Ina tankaɗe a ƙofar kicin. Ya ce, "Adda, Kawu ya ce in tafi. Amma na ce bari in ƙara ji daga gare ki." Ga dama ta biyu Allah ya kawo har gida. Har na yi niyyar in ce ya zauna. Sai wani tunanin banza ya zo: yanzu in na hana, za a ce na tsallake maganar babban wana a kan ɗan fari, a yi da ni a Aujara har jikoki. Na ce, "Tunda kawunka ya ce, ai shi ke nan. Allah ya tsare." Ban ko ɗago ba.

Ranar tafiyar ƙanwarsa ta zo daga Kiyawa ta raka shi tasha tana kuka. Ni makaranta na tafi. Uwa ba ta raka ɗan fari.

Gidan ya yi mini faɗi. Da yana nan ma ba hira muke ba, to me na rasa? Na rasa ƙarar ƙyauren zaure in ya dawo. Na rasa manyan takalman nan a bakin ƙofa da nake tuntuɓe da su ina tsaki. Na daina bi ta wajen mai dabino. Ranar da 'yan ajinsu suka gama, na ga yara a titi sanye da fararen riguna an rubuce su da alƙalami, iyaye na ta ɗaukar hoto. Na ce wa mai adaidaita ya canza hanya. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Har magana na koma yi da kajina.

Ya ce zai dawo bayan kaka ɗaya. Kaka ɗaya ta zama biyu, daga Legas wata ƙungiya ta wata ƙasa ta ɗauke shi. Yakan kira duk Juma'a. "Adda, ina wuni?" "Lafiya. Ya aiki?" "Alhamdu lillahi." Sauran labari sai dai in ji wurin ƙanwarsa. A shekara ta uku na sa hijabina na je jami'ar da ƙafata, na ce ɗan 'yar'uwata ne nake tambaya wa. Wani ma'aikaci ya duba, ya gaya mini cikin ladabi cewa wa'adin da ake ba wanda ya jingine karatu ya wuce. In yana so, sai dai ya sake daga farko. Na yi godiya na fito. Shekara uku da rabi na karatu, sun tafi a kan wata huɗu.

Ba zan ce ya wulaƙanta ba, don ƙarya ne. Yana cin abincinsa, ya gyara mini rufin gida, ya saya wa kawunsa babur. Amma na san wasa ba ya kai mutum tsufa, kuma na san abin da ake tambaya a ofis in mutum ya je neman aiki.

Da Babbar Sallar bara ya zo. Washegarin Sallah da rana ina kicin ina suya, shi da ƙanwarsa suna zaune a inuwar tsakar gida. Ita bakinta ba ya shiru, ni ta gado. Na ji tana tsokanarsa: "Dogo, dogo, har yau dai ba digiri. Da ka yi haƙurin wata huɗu ai da yanzu hotonka da hula yana jikin bangon nan."

Ya yi dariya kaɗan. Sannan ya rage murya, amma kicin ɗin ba nisa. Ya ce, "Kin san ban so tafiya a lokacin ba? Tsoro nake ji. Sau biyu ina zuwa gaban Adda. Wallahi ko kai ta girgiza mini da na zauna. Malama ce, ta san darajar abin. Da na ga ko kallona ba ta yi ba, sai na ce to ko dai zamana a gidan ne ya ishe ta."

Ƙanwar ta ce, "Kai, haba dai!"

Ya ce, "Ba laifinta ba ne. Ba ta saba da ni ba."

Man yana ta tafasa, naman yana ƙonewa, ina tsaye da matsami a hannu. Taku biyar ne tsakanina da shi. Na so in fita in ce ƙarya ne, in ce na sha tsayawa a bakin titi ina kallonka, in ce tun ranar da Inna ta goya ka ta fita ban ƙara barci mai daɗi ba. Na goge fuskata da gefen zane, na kwashe naman a kwano, na fito.

Na ajiye kwanon a gabansa. Ya ɗago ya dube ni, ya ga idona ja. Na buɗe baki.

Na ce, "A ci tun da zafi."

Ya ce, "To, Adda."

Kwana biyu bayan nan ya koma, ƙanwarsa ce ta raka shi tasha.